Yadda Ake Saita Ƙafafun Bayan Mota Don Taya Ta Kama Ƙasa a Tashin Tseren Dirag

A tseren dirag motoci biyu ne ke jerawa, a ba su koriyar wuta, su fizga a miƙe, galibi har mita 402, wato kwata ɗin mil. Amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san cewa tun a mita 18 na farko ake raba gardama. Shi ya sa a takardar lokacin da ake miƙo maka bayan ka gama gudu akwai layin da ke nuna daƙiƙoƙin da ka ci kafin ka cika ƙafa 60. Wannan adadi, da za mu riƙa kira lokacin sittin, shi ne alƙalin duk gyaran da za ka yi wa ƙafafun baya, wato sifirin, shokazoba da sandunan da ke riƙe da aksil. Masu tsere kan ce idan ka rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a nan, za ka ga ragin da ya fi haka a ƙarshen layi.

Kafin ka ɗauki sifana, akwai abin da ya kamata ya zauna maka. Sifirin da shokazoba ba su ne ke ƙirƙiro nauyin da ke komawa baya ba. Abu huɗu ne ke yanke wannan: nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da ƙarfin fizgar. Ɗauki mota mai kilo 1,500, cibiyar nauyinta na santimita 50 daga ƙasa, tazarar tayoyinta santimita 270. Idan ta fizga da ƙarfin da ya yi daidai da jan ƙasa, ka ninka 1,500 da 50 ka raba da 270, za ka samu kusan kilo 278 da suka bar gaba suka koma kan tayoyin baya. Aikin ƙafafun baya shi ne su tsara yadda wannan nauyi zai sauka a kan taya: da wane irin sauri, da wane irin duka, kuma har tsawon wane lokaci za a riƙe tayar a danne. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan yake.

Fara da abin da ba ya buƙatar lissafi

Ka ajiye motar a daɓe mai daidai, da yawan man da za ka yi tsere da shi, direba a kujerarsa ko kuma a aza wani abu mai nauyinsa. Duk awon da aka yi ba direba a ciki, awon wata mota ce daban. Idan za ka shiga ƙarƙashi, a kan turakun ƙarfe za ka ɗora ta, kada ka ba jak amanar ranka. Awon kusurwa da na tsayi kuwa sai nauyin motar na kan tayoyinta ko kan aksil, ba tana reto ba.

Bi bushi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen banƙara. Robar da ta tsage ko ta yi laushi tana barin aksil ya yi wasa, kuma babu saitin da zai tsaya a kan abin da ke wasa. Bushin foliyuritan ya fi na roba tauri, mahaɗin ƙarfe mai ƙwallo ya fi su duka, sai dai yana da ƙara da jijjiga idan motar tana hawa titi ma. Ka cire shokazoba ka motsa aksil sama da ƙasa, ka tabbatar babu inda yake cijewa.

Sai ka auna daga cibiyar tayar gaba zuwa ta baya a hagu da dama. Idan sun bambanta, aksil ya karkace, motar kuma za ta bi inda ya fuskanta. Daga nan ka zagaya kowace tayar baya da tef, iska ɗaya a cikinsu. Na taɓa ɓata yini biyu ina canza ramukan da ake ɗaura sandunan aksil saboda mota tana ja dama, ashe tayar hagu ce ta fi ta dama faɗin zagaye da fiye da santimita ɗaya. Babbar taya tana cin ƙasa fiye da ƙarama a kowane juyi, sai ta tura motar ɓangaren ƙaramar. Bambancin kada ya wuce kamar milimita 6, kuma in dole ne a samu, babbar ta zauna a dama.

Iskar taya

Wannan ne gyara mafi sauƙi, kuma sau da yawa shi ne ke kawo canji mafi girma. Tayoyin tsere iri biyu ne, halinsu ya sha bamban. Silik, wato mai sulɓi marar zane, gefenta laushi ne da shi, yana tattarewa lokacin tashi, tana jure duka, har tana son ta ɗan zame kaɗan kafin ta kama. A motoci masu bodi na yau da kullum ana yawan sa mata tsakanin psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 8 zuwa 14. Radiyal ta tsere kuwa gefenta ya fi tauri, ana sa mata kamar 14 zuwa 20, kuma ba ta yafiya: in ta fara juyawa a banza da wuya ta dawo ta kama. Fara da abin da kamfanin tayar ya faɗa, ka riƙa sauyawa da rabin psi, da geji ɗaya kullum.

Ka duba sawun da ta bari a kwalta. In gefe da gefe sun yi baƙi, tsakiya ya yi fari-fari, iska ta yi kaɗan, cikin tayar yana lotsawa. In tsakiya ne kawai ya yi baƙi, ta yi yawa. Abin da ake nema baƙi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Mahaɗar sanduna: nan ne zuciyar aikin

A motar da aksil ɗinta ke riƙe da sanduna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ka tsaya a gefe ka dube su. Idan ka ja layin sandar sama da na sandar ƙasa zuwa gaba a zuci, akwai inda za su haɗu. Ba ƙarfe a wurin, iska ce kawai, amma ta nan ne aksil ke tura motar. Matsayin wannan mahaɗa shi ke nuna ko bayan motar zai durƙusa ko zai ɗaga idan ka saki.

Ga yadda ake gano ta. Auna tsayin kusoshi huɗun nan na gefe ɗaya daga ƙasa, na gaba da na baya a kowace sanda, da nisan kowanne daga cibiyar aksil. Zana su a takarda, kowane santimita 10 na mota ya zama santimita 1. Ja layukan biyu da rula har su gamu. Sannan ka ja layi na uku: daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa wani ɗigo da ke saman cibiyar tayar gaba, a tsayin cibiyar nauyi. A motoci masu injin V8 na tsohon tsari ana ƙiyasta wannan tsayi da tsayin kamshaf daga ƙasa, ba daidai yake cif ba amma ya isa a fara da shi. Wannan layi na uku shi ne layin daidaito.

In mahaɗa ta faɗo a kan layin, bayan motar ba zai durƙusa ba, ba zai ɗaga ba, an ce hana-durƙuso ya kai kashi 100. In tana sama da layin, bodi zai rabu da taya ya yi sama, kuma yayin da yake tashi yana dankara aksil ƙasa da ƙarfi. In tana ƙasa da layin, bayan zai zauna. Mutane da yawa suna ganin mota ta durƙusa su ce ta kama ƙasa. Ido ne ke ruɗinsu. A daidai lokacin da bodi ke sauka, aksil sama ake jan sa, tayar kuma sauƙi take samu a ɗan lokacin da ta fi buƙatar danniya.

Bari mu koma ga motarmu mai santimita 50 da 270. A ce sandar ƙasa a kwance take, santimita 20 daga ƙasa. Ta sama ta fara a 44 a wajen aksil, tana gangarowa santimita 2 a kowane 10. Za su gamu santimita 120 a gaba, a tsayin 20. A wannan nisa layin daidaito yana wajen 22, ke nan mahaɗa tana ƙasa da shi, kusan kashi 90. Yanzu ka ɗaga bakin gaba na sandar ƙasa da santimita 2 kacal, a sanda mai tsawon 50. Mahaɗa ta dawo santimita 100 a tsayin 24, hana-durƙuso ya yi tsalle zuwa kusan kashi 130. Rami ɗaya ke nan fa, a jerin ramukan da ake ɗaura bakin sandar. Shi ya sa ba a canza rami da ka, sai an zana.

Abin da za ka riƙe: mahaɗa gajeriya kuma a sama tana dukan taya da ƙarfi da sauri, amma dukan ba ya daɗewa. Doguwa kuma a ƙasa tana danna ta a hankali, ta daɗe tana riƙe. Mota mai matsakaicin ƙarfi, ko filin da bai da danƙo sosai, sun fi son duka, don haka a kai su sama da 100. Mota mai ƙarfi sosai a kan silik, musamman mai kuloci, ita da kanta duka take yi, sai a tsawaita mahaɗar a sassauta. Ɗaga bakin gaba na sandar ƙasa yana ɗaga mahaɗa ya gajarta ta. Sauke bakin gaba na sandar sama yana gajarta ta. Duk abin da ka yi a hagu ka yi irinsa a dama.

Motocin da suka fito daga kamfani da sanduna huɗu, irin Ford Mustang na 1979 zuwa 1993, ba su da jerin ramuka. A nan ana ɗaura wani ƙarfe a jikin aksil da ke sauke bakin baya na sandar ƙasa, sakamakon ɗaya ne da ɗaga na gaba. Wannan ƙarfe ya zama dole ga wanda ya sauke motarsa don ta yi kyau a ido, domin saukewar kan sa sandar ƙasa ta kalli ƙasa ta gaba, mahaɗa ta lalace gaba ɗaya.

In sifirin mai falle-falle ne

Matsalar wannan tsari sananniya ce. Taya na juyawa gaba, kwanson aksil na ƙoƙarin juyawa baya, sai rabin gaba na sifirin ya lanƙwashe kamar harafin S. In ya kai iyaka ya warware da ƙarfi, taya ta yi tsalle, ta dawo, ya sake naɗewa. Wannan tsallen taya shi ke karya aksil da kuros ɗin farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji ga aksil. Da zarar ka ji motar na kakkarwa haka, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka ce za ka murje.

Maganin shi ne a taurara rabin gaba. Ana ɗaure fallayen gaba da maɗauri a bar na baya sake. Ana sa sandar da ke ɗaure a ƙarƙashin aksil, mai ƙullin roba a baki, wanda ya kamata ya daki daidai idon sifirin na gaba, ba tsakiyar falle ba. Tazarar da ke tsakanin robar da sifirin ita ce saitin: ƙarama ta kama da wuri, kuma ta dama ta fi ta hagu matsewa kaɗan. Akwai kuma sanduna irin CalTracs na kamfanin Calvert Racing, masu rami biyu a gaba, na sama ya fi duka, na ƙasa ya fi sauƙi.

Kusurwar hancin aksil

Wannan ba ya ƙara kama ƙasa kai tsaye, amma in ka bar shi, zai cinye maka kuros. Lokacin tashi hancin aksil, inda farfela ke shiga, sama yake ɗagawa. Don haka a tsaye ana saita shi ya ɗan sunkuya ƙasa da layin farfela, ta yadda in ya ɗaga za su daidaita. Yawan sunkuyon ya danganta da yawan wasan ƙafafun: digiri 1 zuwa 2 ga sanduna huɗu masu mahaɗin ƙarfe, 3 zuwa 4 in bushin roba ne, sifirin mai falle-falle marar sanda kuwa har 5 zuwa 7. Da ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu ake aunawa, ɗaya a jikin farfela ɗaya a bakin hancin. Duk lokacin da ka taɓa sanda ko tsayin mota, ka sake aunawa.

Me ya sa take ja dama

Farfela na murɗa aksil, kuma a yawancin motoci murɗar tana rage nauyi a tayar baya ta dama, tana ƙara wa ta hagu. Ta hagu ta fi kamawa, sai ta tura hancin motar dama. Shi ne kake ganin tayar gaba ta hagu ta riga ɗagawa. In ka riga ka tabbatar da daidaiton aksil da girman tayoyi, sai ka ƙara wa tayar dama danniya tun a tsaye. A sanduna huɗu, gajarta sandar sama ta dama ake yi, kuma da fuska ɗaya ta noti, wato kashi ɗaya cikin shida na juyi, sannan a gwada. A sifirin mai naɗi ana sa balan-balan ta iska a cikin na dama. Mota mai ƙarfi kuwa sandar hana karkata ta tsere ta fi dacewa da ita, domin tana hana bodi murɗewa tun asali. Kada ka zarce: danniyar da ta yi yawa tana sa mota ta ja hagu can gaba, ko ta yi wani ɓangare in ka saki totur a ƙarshen layi, inda gudu ya fi yawa. Mayar da batir but ta ɓangaren dama yana taimakawa, amma dokar NHRA, hukumar tseren dirag ta Amurka, tana neman a sa makashin wuta a wajen mota ta baya in an yi haka.

Shokazoba, da karanta bidiyo

Sanduna ke yanke irin dukan, shokazoba ke yanke saurinsa. Mai saiti biyu ya fi, domin yana raba miƙewa da matsewa. Da farko ka tabbatar a tsayin da motar ke zaune, sandar shokazoban tana wajen tsakiyar tafiyarta. Ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandar ka tura shi ƙasa ya taɓa kwanson. Bayan gudu, inda ka same shi zai gaya maka iyakar matsewar da aka yi. In ya dangane da can sama, shokazoban ya ƙure, kuma duk lokacin da ya ƙure taya ce ke biya.

Sa farin layi a gefen tayar da alli ko fenti. Ka samu wanda zai tsuguna a gefe, a inda jami'an fili suka yarda, ya ɗauki tayar baya da waya a yanayin bidiyo mai tafiyar hawainiya. A nan za ka ga abin da kujerar direba ba ta nuna maka. A tashi mai kyau a kan silik, rim zai nutsa cikin taya, gefenta ya tattare kamar fatar goshi, farin layin ya lanƙwashe, sannan tattarewar ta saki a hankali mota na tafiya, ba tare da rim ya yi tsalle ba.

Ga motar da bodinta ke ɗagawa, ga yadda ake fassara abin da aka gani. In taya ta juya a banza nan take, gefenta ko motsi bai yi ba, dukan bai isa ba: sassauta miƙewa. In rim ya dankaru har tayar ta baje, sannan ta yi sama ta zame, dukan ya yi yawa: taurara miƙewa, ko ka ƙara iska kaɗan. In ta kama da kyau, ta yi 'yan mitoci sannan ta kuɓuce, tayar ce ke turo aksil ya koma sama: taurara matsewa don a riƙe ta a ƙasa. Ƙas biyu, wato taki biyu na abin murɗa saitin shokazoba, a lokaci guda ya isa ka ga bambanci. In ka kai saitin ƙarshe ba a samu biyan buƙata ba, to ba laifin shokazoba ba ne, koma kan mahaɗa.

Wani lokacin kuma maganin baya a gaba yake. Shokazoban gaba irin 90/10 yana miƙewa da sauƙi ya sauka a hankali, don hanci ya tashi nauyi ya koma baya. Mota mai matsakaicin ƙarfi tana son gaba ya samu sararin tashi kamar santimita 12 ko 13. Amma in hancin ya tashi da sauri ya daki iyakarsa, za ka ga taya ta kuɓuce a daidai wannan lokacin. A bidiyo ka kalli gaba da baya tare. In sun zo lokaci ɗaya, taurara miƙewar gaba, ka bar baya yadda yake.

Motoci na zamani da kowace tayar baya ke da ƙafarta daban ba su da yawancin waɗannan saituttuka. Durƙuso halinsu ne, kuma in sun durƙusa saman tayoyin kan karkata ciki, gefen waje ya bar ƙasa. Abin yi shi ne a tsayar da tayar kusan a miƙe tun a tsaye, a taurara matsewar shokazoba, a canza bushin da ke riƙe da akwatin giyar baya don kashe tsallen taya.

Ranar gwaji

A filin tsere ake wannan, inda aka shafa wa kwalta danƙo irin PJ1 TrackBite kuma akwai masu kula da lafiya. Abin da ka saita a titi ba zai yi aiki a can ba, ban da haɗarin da ke ciki. Duba dokar filin kan zoben da ke tare farfela in ta karye, galibi ana neman sa da zarar ka sa silik.

Riƙe littafi. Kowane gudu ka rubuta iskar taya, ƙas nawa a kowane shokazoba, ramin da sanduna suke, juyin injin da ka tashi da shi, zafin kwalta, layin hagu ne ko na dama, da lokacin sittin. Yi gudu biyu ko uku ba ka taɓa komai ba, ɗumama taya iri ɗaya, tashi iri ɗaya. In lokutan sun fito 1.82, 1.95, 1.79, ba motar ce ke buƙatar gyara ba tukuna, ƙafarka ce. Sai sun matso kusa da juna za ka iya gane tasirin canji.

Daga nan abu ɗaya a kowane gudu, kuma daga mai sauƙi: iska, sai shokazoba, sai danniyar dama, rami a ƙarshe. In ka canza rami, mayar da shokazoba tsakiya ka faro daga nan, ka sake auna hancin aksil da danniya, domin duka sun motsa. Da rana tsaka kwalta kan yi zafi robar da ke kanta ta yi maiƙo, da yamma in ta huce sai ta ƙara kamawa, saitin da ya yi daidai da azahar ya koma yana ɗaga hanci fiye da kima. Wannan ba ya buƙatar rami, ƙas ɗaya ko biyu a miƙewar gaba da rabin psi a baya sun isa. Kafin ka koma layi, bi kowane notin kulle na sandunan da sifana, ka ja masa layin fenti da ya haɗa shi da jikin sandar, don in ya kwance ka gani da ido tun kana tsaye.